Gajiyar MS ce, ko numfashi ne ke ɗaukewa cikin barci?

Umman_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya nake tafe da ita, musamman ga waɗanda suka daɗe da MS, wato multiple sclerosis, ciwon nan da ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Tun da aka gano min ciwon nan, duk sanda na yi kukan gajiya amsar ɗaya ce, wai haka ciwon yake, sai haƙuri. To kwanan nan maigidana ya ce cikin dare numfashina yakan tsaya cak, sai can in ja shi da ƙarfi kamar wadda aka shaƙe, in juya in ci gaba da barcina. Ni ban ma san ina yi ba. Abin da na sani shi ne ina tashi da ciwon kai, baki a bushe, kuma komai saurin kwanciyata da safe kamar ban runtsa ba. Ba ni da ƙiba, ban kai arba'in ba. Shin MS ce ke kawo wannan, ko wani ciwon ne daban ya samu wuri?

Abu_Sadiq77:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi 'yar'uwa. Ni dai a sanina wannan ciwon masu teɓa da kaurin wuya ne, kuma galibi maza. Tunda kin ce ba ki da jiki, ki kwantar da hankalinki.

Ƙanwar_Maza:
Anya Anti ba dannau ba ne? Ni ma yana min haka.

Mai_Gwajin_Barci:
Ƙanwar_Maza, ba shi ba ne. Mai dannau a farke yake, yana ji yana gani, motsi ne ya gagare shi na ɗan lokaci, kuma da safe shi ne mai ba da labari. Ita kuwa sai da aka gaya mata.

Malam Abu_Sadiq, ka yi haƙuri, wannan maganar taka ce ke sa mata da yawa su yi shekaru ba a duba su ba. Aikina ke nan, ni nake liƙa wa mutane wayoyi su kwana muna kallon allo. Ɗaukewar numfashi a barci iri biyu ce. Ta farko toshewa ce: barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe su saki, hanyar iska ta rufe, ƙirji yana ta ja amma babu abin da ke shiga. Wannan ce ƙiba ke tsanantawa, ita ce mai minshari. Ta biyu kuwa hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta aiko da umarnin a ja numfashi ba, ƙirjin ma ba ya motsi. Ta farko tiyo ne ya lanƙwashe, ta biyu famfon ne ba a kunna ba.

Inda MS ta shigo shi ne gindin ƙwaƙwalwa, wurin da take haɗuwa da laka. A nan cibiyar da ke tsara numfashi take, kuma daga nan jijiyoyin da ke riƙe harshe da ganɗa da maƙogwaro suke fitowa. MS garkuwar jiki ce ke cin kuben da ya lulluɓe jijiyoyi. Idan tabon ya faɗa a wannan wurin, to mutum zai iya samun ko wacce daga cikin biyun, ko ma duka, komai sirantarsa.

Umman_Hanan:
Ikon Allah. Na gode Malam. To ta yaya ake gane wacce ce ke damun mutum?

Mai_Gwajin_Barci:
Sai an kwana da na'ura Hajiya. Muna ɗaura bel biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, da ɗan bututu a hanci, da abin auna iskar oksijin a yatsa, da wayoyi a kai masu nuna ko barci ake ko an farka. In iska ta tsaya bel yana motsi, toshewa ce. In iska ta tsaya bel ma ya tsaya, daga ƙwaƙwalwa ne. Ba ma ƙirga tsayawar da ba ta kai daƙiƙa 10 ba. Daga nan sai a lissafa sau nawa take tsayawa ko raguwa a cikin awa ɗaya: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. Akwai masu haura 60, wato kowane minti ɗaya. Duk tsayawa ɗaya ƙwaƙwalwa sai ta ɗan zabura don ta ceci numfashin, mutum bai san ya farka ba, amma barci mai nauyi ya gagara.

Fitila_22:
Don ƙarin haske a kan abin da Malam ya faɗa. Likitoci a Jami'ar Michigan ta Amurka sun fitar da bincike a 2012, inda suka kwatanta sakamakon gwajin barcin masu MS da na waɗanda ba su da ita. Masu tabo a gindin ƙwaƙwalwa su ne lambarsu ta fi hawa, kuma a cikinsu aka fi ganin irin ta biyun nan. A 2014 suka sake tambayar masu MS 195 da ke zuwa asibitinsu: kashi 56 cikin 100 sun nuna alamun suna cikin haɗari, amma kashi 21 ne kawai aka taɓa tabbatar musu da ciwon. Ku dubi tazarar.

Abu_Sadiq77:
To ai wannan takardar tambayoyi ce suka cike, ba gwaji ba. Kuma a cikin tambayoyin har da "kana jin gajiya da rana?" Wane mai MS ne zai ce a'a? Kun ga kowa ya ci maki ɗaya a banza.

Fitila_22:
Wannan kam ka faɗi gaskiya. Ana kiran takardar STOP-BANG, tambaya 8 ce: minshari, gajiya, ko an ga numfashinka yana tsayawa, hawan jini, ƙiba mai yawa, haura shekara 50, kaurin wuya, da kasancewa namiji. Maki 3 ya isa a ce a duba ka. Gajiyar MS tana kumbura makin, haka ne. Amma ka juya ta ɗaya fuskar: mace siririya 'yar shekara talatin ta rasa maki huɗun ƙarshe tun kafin ta buɗe baki, alhali mata sun ninka maza biyu zuwa uku a MS, kuma yawanci tsakanin shekara 20 da 40 ake gano ta. Takardar ba don irinmu aka tsara ta ba. Tana iya zuzutawa, tana iya rainawa.

Baban_Zaure:
Bari in sa baki tunda ni na bi ta hanyar. An gwada ni, aka ce tawa mai tsanani ce, irin ta toshewa, aka ba ni na'urar CPAP, mai hura iska ta takunkumin fuska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe cikin barci. Gaskiyar Allah minshari ya tafi, ciwon kan safe ya tafi, na daina gyangyaɗi a wurin aiki, hawan jinina ma ya fi jin magani. Amma gajiyar nan ta MS da ke saukar wa mutum da azahar, ƙafafu su yi nauyi, tunani ya cushe, tana nan daram. Ina faɗin haka ne don kada ɗiyata Umman_Hanan ta sa rai da yawa. Na ga waɗanda suka ɗauka injin zai mayar da su kamar da, da bai yi ba suka jefa shi a lungu.

Hasken_Safiya:
Baba ni kuma akasin haka na gani. Sai da na fara amfani da shi na gane rabin abin da nake ɗora wa MS rashin barci ne. Mantuwar da ta fi ba ni tsoro, in shiga ɗaki in rasa me ya kawo ni, ta ragu sosai. Ban ce na warke ba.

Baban_Zaure:
Alhamdulillahi, Allah ya ɗorar. Kowa da irin tasa.

Nas_Rabi:
Ku biyun duk kuna kan gaskiya, abubuwa biyu ne suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Tambayar da nake yi wa marasa lafiya ita ce: in ka zauna shiru bayan ka gama aiki, ba ka komai, barci yana kwashe ka? Wanda numfashi ke hana wa barci sau da yawa kafin minti kaɗan ya fara gyangyaɗi. Mai gajiyar MS zalla zai kwanta jiki a mace amma ido biyu. Akwai ma'aunin Epworth da wani likita a Ostireliya, Murray Johns, ya fitar a 1991: yanayi 8 na yau da kullum, kamar karatu ko zama a mota a matsayin fasinja, kowanne ka ba kanka maki daga 0 zuwa 3. In jimla ta haura 10 cikin 24, barcin rana ya yi yawa. Sai dai mata da dama ba sa zuwa da gyangyaɗi ko minshari mai ƙara, da rashin barci suke zuwa, da ciwon kai da ƙuncin rai, sai a rubuta musu maganin damuwa a sallame su.

Ɗan_Autan_Mama:
Ni matsalata fitsarin dare ce. Ina tashi ba adadi. Likita ya ce mafitsara ce MS ta taɓa.

Mai_Gwajin_Barci:
Yana iya zama hakan, MS tana taɓa mafitsara ƙwarai. Amma ka lura da yawan fitsarin. Mafitsarar da MS ta dama, matsuwa ce mai tsanani amma in ka je ɗan kaɗan ne. In kuwa kowane tashi fitsari ne mai yawa, to a duba numfashi. Lokacin da ƙirji ke ja a kan maƙogwaro a rufe, zuciya tana miƙewa kamar jini ya yi mata yawa, sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri. Mutane da yawa suna cewa fitsari ne ya tashe su, alhali shaƙewa ce ta tashe su, sannan suka ji fitsarin.

Ɗan_Autan_Mama:
Kai! Wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Mai_Haɗa_Magani:
Babu wanda ya taɓo magunguna, kuma a ganina nan ne rabin zancen yake. Ku duba abin da mai MS ke sha da dare. Baklofen don sanƙarewar ƙafa. Gabafentin ko firegabalin don zogin jijiya. Wani a ƙara masa diyazefam ko kulonazefam don ya samu barci, wani tiramadol ko mofin don ciwo. Kusan dukkansu suna kwantar da ƙwaƙwalwa, wasu su saki naman maƙogwaro, wasu su rage wa cibiyar numfashi kuzari. Dangin mofin sanannu ne wajen jawo irin ta biyun da Malam ya bayyana, an kuma ga hakan da baklofen. A Disambar 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa gabafentin da firegabalin na iya danne numfashi, musamman in an haɗa su da dangin mofin ko wasu masu sa barci, ko ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne zagayen: mutum ba ya barci saboda numfashi, sai a ba shi maganin barci, numfashin ya ƙara lalacewa, da safe a ba shi modafinil don ya wartsake. Sannan ga sitiroyid da ake ɗura wa mutum in ciwon ya tashi, yana hana barci, in aka yawaita kuma ya kawo ƙiba.

Sadauki_MS:
Innalillahi. Uku daga cikin waɗanda ka lissafa ina sha. Daga daren yau na ajiye baklofen.

Mai_Haɗa_Magani:
A'a ɗan'uwa, don Allah kada ka yi haka! Baklofen ba a yanke shi rana ɗaya. Yana iya jawo farfaɗiya, ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, ƙafar kuma ta sanƙare fiye da da. Haka ma diyazefam da danginsa. Ka sha na yau kamar yadda ka saba. Ka tattara duk kwalayen ka kai wa likitan da ya rubuta, ka gaya masa yadda barcinka yake. Wani lokacin sauya lokacin sha ko rage na dare a hankali ya wadatar.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a kula. Nan wurin musayar abin da muka sani ne, babu wanda zai tsayar da magani ko ya fara wani saboda abin da ya karanta a nan. Sadauki, ka tabbatar mana ka ga amsar da aka ba ka.

Sadauki_MS:
Na gani ranka ya daɗe. Ba zan tsayar ba.

Ƙanwar_Maza:
Tunda ana maganar dare, ni ƙafafuna ne ba sa zama wuri ɗaya. Da na kwanta sai in ji kamar wani abu na bin cikinsu, sai na tashi na taka sannan ya lafa. Shi ma numfashin ne?

Nas_Rabi:
Wannan daban ne ƙanwata, ciwon ƙafa marar natsuwa ne, kuma ya fi yawa ga masu MS fiye da sauran jama'a, musamman masu tabo a laka. Ki ce a auna miki sinadarin ƙarfe na jini, ƙarancinsa yana tsananta shi. Wasu magungunan damuwa da na mura masu sa barci ma suna tayar da shi. Ki buɗe masa zare nasa, zai samu masu magana.

Injiniya_Bash:
Ni ina da agogon hannu mai auna oksijin duk dare, kullum 95 zuwa sama yake nuna min. Ina ga wannan ya isa mutum ya san lafiya lau yake, ba sai ya je an liƙa masa wayoyi ba.

Mai_Gwajin_Barci:
Bai isa ba Injiniya. Da farko, numfashi yana iya raguwa ya farkar da ƙwaƙwalwa kafin oksijin ya faɗi, kuma haka aka fi gani ga matasa marasa ƙiba. Na biyu, waɗannan na'urorin da haske suke aunawa ta cikin fata. A Disambar 2020 an fitar da binciken da ya nuna abin auna oksijin na yatsa, na asibiti ma fa, yana kuskure ƙarancin oksijin ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, wato ya nuna lamba mai kyau alhali jini ya gaza. To ina ga agogo da ke zamewa a hannu cikin barci? In ya nuna faɗuwa, ka kai wa likita. In bai nuna ba, ba shaida ba ce.

Injiniya_Bash:
To gwajin da ake ba mutum ya tafi da shi gida fa? Ai ya fi sauƙi ga wanda tafiya ke yi wa wuya.

Mai_Gwajin_Barci:
Ya fi sauƙi, kuma ga wanda ake zargin toshewa ce zalla yana aiki. Amma yawancinsu ba su da wayoyin kai, ba su san ko ka yi barci ko a farke ka kwana ba, sai su raba da duk awannin dare lambar ta fito ƙasa. Ga mai shan dangin mofin kullum, ko mai raunin naman numfashi, ko wanda ake zargin daga ƙwaƙwalwa ne, na kwana a asibiti ake so. Mai tabo a gindin ƙwaƙwalwa ni dai can zan so a tura shi.

Yayar_Mai_Jinya:
Ina bin zancen nan tun farko. Ƙanina ya daɗe a keken guragu, MS ɗinsa mai ci gaba ce. Shi ba ya minshari ko kaɗan, numfashinsa ma ba a ji. Abin da muka fara lura da shi, ba ya iya kwanciya rigingine sai an tara masa matasai, tarinsa ba ƙarfi, muryarsa ta yi ƙasa, da safe ciwon kai da ruɗewa. Da aka sa shi ya hura a na'ura a zaune, aka sake a kwance, sai aka ga a kwance ya faɗi sosai. Ashe tantanin nan da ke tsakanin ƙirji da ciki ne ya yi rauni, cikin dare gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsa. CPAP ba ta yi masa ba, sai BiPAP aka ba shi, mai matsi biyu, tana tura masa in zai ja, ta sassauta in zai fitar. Abin da nake so masu jinya su ji: mun so mu nemo masa tukunyar oksijin da kanmu, likita ya hana, ya ce ga irinsa oksijin shi kaɗai yana iya ƙara danne numfashin, gurɓatacciyar iskar ta ƙara taruwa.

Nas_Rabi:
Sannu da ƙoƙari Yaya, Allah ya saka miki. Wannan ita ce ta uku da ba a cika ambata ba, kuma ita ta fi haɗari don shiru take zuwa.

Hasken_Safiya:
Ga masu shirin fara CPAP, wahalar ba a injin take ba, a takunkumin take. Yatsuna ba su da ƙarfi, ga karkarwa, ɗaure maɗauran nan cikin duhu bayan na dawo daga bayi ya kusa sa in haƙura. Da aka canza min zuwa ƙaramin da ke zama a ƙofar hanci, wanda ake zurawa ta kai gaba ɗaya, sai abin ya zo da sauƙi. Akwai masu maɗaurin maganaɗisu, amma duk wanda aka dasa wa wata na'ura ko ƙarfe a jiki ya tambaya kafin ya karɓa. Sannan ɗumin ruwan da injin ke sakawa a iska, in zafi yana tayar maka da alamun MS kamar ni, ka ce a rage.

Baban_Zaure:
Ƙwarai. Kuma a sa shi duk dare. Ƙa'idar da likitoci ke dubawa aƙalla awa 4 ne a dare 7 cikin 10, amma in ka cire shi da tsakar dare ka bar asuba a buɗe, lokacin ne barcin mafarki ya fi yawa, nama ya fi saki. Na'urar ba sabuwa ba ce da za a ji tsoronta, tun 1981 Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni. Wanda tasa mai sauƙi ce kuma, akwai robar baki da likitan haƙori ke yi mai turo muƙamuƙi gaba, akwai kuma koyon kwanciya a gefe.

Sadauki_MS:
Baba kwanciyar gefe ga wanda zai iya juyawa ne. Ni in ƙafa ta sanƙare yadda na kwanta haka zan wayi gari.

Abu_Sadiq77:
Na ji duk bayanan, na kuma ƙaru. Amma har yanzu ina da ja a kan abu ɗaya. In aka ce duk mai MS da ya gaji sai an kwana da shi a asibiti, ai kowa ke nan. Mun riga mun gaji da gwaje-gwaje, ga hoton MRI, ga jini, ga ido. A bar wa masu alama ƙarara.

Fitila_22:
Alama ƙarara a wurin wa? Wanda yake kwana shi kaɗai wa zai gaya masa numfashinsa ya tsaya? Ni ra'ayina, kafin a rubuta wa mutum maganin gajiya a fara tambayarsa yadda yake barci. Tambayar ba ta cin minti biyar.

Abu_Sadiq77:
Tambaya daban, gwaji daban. A kan tambaya ba mu da saɓani.

Umman_Hanan:
Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na ɗauko rahoton MRI ɗina na ƙarshe, kuma akwai tabo a wurin da Malam ya ambata. Gabafentin ma ina sha da dare. Likitan jijiyoyin da ke duba ni zan fara gaya wa, ko kai tsaye zan nemi masu gwajin barci?

Mai_Gwajin_Barci:
Ki fara da likitanki Hajiya, shi ya san hoton da magungunan, shi zai rubuto mana abin da yake zargi. Ki tafi da maigidan ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. In zai iya ɗaukar bidiyo a waya yadda za a ga ƙirjinki a kuma ji sauti, ya fi. Kafin nan, in kina gyangyaɗi da rana ki haƙura da tuƙi.

Ɗan_Autan_Mama:
Malam, daren gwajin mutum yana shan magungunansa na dare ko ajiyewa ake? Kuma mai tashi fitsari irina yaya ake yi da wayoyin?

Mai_Gwajin_Barci:
Ana sha yadda aka saba sai in likita ya ce a bari, don daren da ka saba yi muke son gani. Wayoyin kuma duk a ƙaramin akwati ɗaya suke haɗuwa, ka yi magana a zo a zare shi ka rataya a wuya ka je ka dawo. Ka dai sanar da su tun kafin ranar in kana buƙatar mai taimaka maka tashi, ko gadon da ake ɗagawa.